Awon Direba Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Autanmu bai taɓa shiga ajin koyon kwamfuta ba, amma shekara biyu ke nan ba ya amsa kira sai an ce masa Injiniya. Ni da na goya shi har gobe Auta nake ce masa, in ya ga dama ya amsa. Asalin sarautar tasa kuwa, wata rana ce rediyon mai askin layinmu ta ɗauke magana, ya zabga mata mari ta ci gaba. Tun daga ranar duk abin da ake jona wa wuta a unguwar ya shiga uku.

Maigidana tela ne, ɗinkin maza yake yi, ni kuma ina taya shi sa maɓalli da guga. Mutum ne da magana take yi wa tsada. In ya yi maka jimla biyar a yini, to ranar cikin fara'a ya tashi. A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da ya saya hannu na biyu, kuma Auta ne ya lallashe shi a riƙa zuba awon kwastomomi a cikinta. Ni na goya wa Auta baya, don ina son a ga ƙanena da amfani a wani wuri ko da sau ɗaya ne. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Sai ga babban aiki ya zo, irin wanda Maigida ya daɗe yana addu'ar samu. Wani kamfanin motocin haya ya ba shi ɗinkin kayan aiki na direbobinsa ashirin da huɗu, riga da wando. Kwana uku ya yi yana zarya zuwa tasha, domin direba ba ya zama wuri ɗaya, sai a tare wannan kafin ya tashi, a jira wancan ya sauka. Kowane direba da shafinsa a wani littafi mai jan bango, ba suna, sai lambar motarsa a sama. Kamfanin ya aiko da yadi daidai wa daida, ya ce bayan mako biyu, ranar Asabar, direbobi za su zo karɓa. In aiki ya yi kyau, duk shekara shi zai riƙa yi musu. In bai yi ba, teloli ba su ƙare a gari ba.

Auta ya zauna ya shigar da awon a kwamfuta da yatsa ɗaya, yini guda cur. Da ya gama sai ya miƙe ya sanar da mu cewa zamanin takarda ya wuce. Ya share shagon tas, ya tattara tsofaffin littattafai da takardu a buhu, ya kai wa Inna mai gyaɗa da ke zama a bakin layi tana ƙulla soyayyar gyaɗa a takarda. Na gan shi ya fita da buhun a kafaɗa, har na yaba masa da tsafta.

Ranar Litinin Maigida ya shimfiɗa yadi zai fara yanka, sai Auta ya shigo ya hango wata 'yar jar alama a gefen allon kwamfutar. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya girgiza kai kamar likitan da aka kai wa marar lafiya a makare. Ya ce babbar manhajar da kwamfutar take tafiya a kanta ta tsufa, sabuwa ta fito tuni, kuma abin kunya ne a ce shagon da yake shiga yana amfani da tsohon yayi. Minti ashirin kawai yake buƙata.

Maigida ya tambaye shi ko tana nuna awo. Ya ce tana nunawa.

"To ƙyale ta," in ji Maigida.

Auta ya juyo ya dube ni da idon nan da yake yi mini tun yana rarrafe, ni kuma na sa baki. Na ce minti ashirin ne fa, kafin a gama jan alli a yadi ya gama. Maigida ya daɗe yana kallon almakashinsa, sannan ya ce shi dai kada awonsa ya ɓata. Auta ya yi dariya ya ce in harafi ɗaya ya ɓata a daina ce masa Injiniya.

Malama mai buga takardu, wadda shagonta yake kallon namu, ta zo karɓar zare ta ji zancen. Ita ce kaɗai a layin da ta san kan kwamfuta da gaske, shi ya sa ba ta cika magana a kai ba. Ta ce wa Auta ya fara kwafe awon a filash, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a ajiye bayanai, ya kawo shagonta a buɗe a tata kwamfutar a tabbatar ya kwafu. Ta ce jar alamar nan tana nufin wasu ƙananan manhajoji sun lalace, a gyara su tukuna kafin a ɗora sabuwar babbar.

"Malama, ke buga takarda kike yi," in ji Auta. "Mu cikin injin muke shiga."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ɗauki zarenta ta tafi.

Ajiyar dai ya yi ta, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya soka filash, ya jawo wasu 'yan hotuna uku da ke kan allo, waɗanda kullum muke dannawa awo ya buɗe, ya jefa su ciki. Kafin in ƙifta ido an gama. Mai aski, da ya leƙo da tsumma a kafaɗa, ya ce abin mamaki, shi in Malama za ta kwafe masa hotunan aski sai shayinsa ya huce ba a gama ba. Auta ya ce ai hannu ya bambanta. Ya yanki wani ƙyalle a kwandon tarkacenmu, ya ɗaure filash ɗin ya rataya a wuya, ya ce daga yau shagon nan gaba ɗaya a ƙirjinsa yake.

Da ya danna sabuntawa, kwamfutar ta ƙi. Ta rubuto abin da Malama ta faɗa, kusan kalma da kalma: akwai manhajoji da suka lalace, a gyara su tukuna. Auta ya ce taurin kai ne irin na tsofaffi. Ya zaro wayarsa ya yi ta bincike, har ya samo wani dogon umarni da wani ya rubuta a intanet, wanda ke tilasta wa kwamfuta ko tana so ko ba ta so. Ya kwafa harafi bayan harafi, harshe a waje. Kwamfutar ta rubuto cewa in aka yi haka za ta cire manhajoji ɗari huɗu da wani abu, an yarda?

Ni ban san komai a kwamfuta ba, amma na san ɗari huɗu ba kaɗan ba ne. Na ce ko a kira Malama. Ya ce datti ne duk, shekara da shekaru yana taruwa. Ya kuma koya mana wani sirri na sana'a, cewa duk tambayar da kwamfuta ta yi maka amsarta eh ce, don ba ta son gardama.

Rubutu ya fara gudu a allo, fari a kan baƙi, kamar tururuwa. Mutane suka fara taruwa a ƙofa, Auta yana yi musu bayani da bakin biro. Da aka gama ya kashe ta ya kunna. Allon ya tashi baƙi ƙirin, ba hoto ba launi, sai wani ɗan gajeren layi a kusurwa yana ƙyaftawa. Auta ya ce tunani take yi. Ta yi ta tunani har azahar.

Daga nan aka shiga jinya. Ya zabga mata mari irin na rediyo, ba ta motsa ba. Ya buɗe bayanta ya hura da baki, ƙura ta cika masa ido. Mai aski ya kawo injin busar da gashi aka hura mata iska mai zafi, sannan Auta ya ce a'a, sanyi take so, aka juya mata fankar Maigida, shi kuma ya zauna yana zufa a kan yadin da bai yanka ba. Auta ya ci gaba da kwafo umarni daga waya, kowanne ta mayar masa da layi uku na ƙorafi. Ya ce wannan ci gaba ne, da safe ba ta magana, yanzu ga shi har tana mayar da martani. Mai aski ya ce shi ma matarsa haka ta fara kafin ta tafi gidansu.

Washegari da safe na ajiye kunya na je wurin Malama. Ta ce ba a rasa komai ba tukuna, awon yana nan a ciki, fuskar kwamfutar ce kawai aka tuɓe. Ta ba ni wani filash mai ɗauke da sabuwar babbar manhajar, ta ce a ajiye mata, tana gama takardun da ke gabanta za ta zo da kanta. Ta nanata cewa in an zo ɗorawa akwai zaɓi biyu, ɗaya yana barin fayiloli a inda suke, ɗaya yana goge komai, kada kowa ya taɓa na biyun.

Na ajiye shi a kan tebur na shiga ciki ɗora tukunya. Maigida kuma ya fita sayen maɓallai. Abin da ya faru a wannan rabin awar mai aski ne ya ba ni labari. Auta ya soka filash ɗin Malama, zaɓi biyun suka fito, ya karanta su da ƙarfi don jama'a su ji. Ya ce barin tsofaffin fayiloli aikin matsorata ne, shi da yake da ajiya a wuya me zai ji tsoro? Ya zaɓi goge komai. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce eh. Ta sake tambaya, ta ce abin da aka goge ba zai dawo ba. Ya ce wannan kuma raini ne, ya danna da ƙarfi.

Gaskiya sabuwar ta yi kyau. Na fito na tarar da allo shuɗi mai hoton tsauni, komai yana buɗewa da sauri. Auta bai yarda ya dawo da awon a ɓoye ba, sai da ya tara shaidu. Ya kira mai aski, wanda ya zo da kwastomansa rabin kai a aske. Ya kira Inna mai gyaɗa ta zo da farantinta. Ya aika a gaya wa Malama ta zo ta ga yadda ake aiki. Maigida ya dawo da ledar maɓallai ya tsaya a bayan mutane a shagonsa.

Auta ya ciro filash daga wuya a hankali, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya soka. Ga 'yan hotunan nan uku. Ya danna na farko, kwamfutar ta ce ba ta sami abin da wannan yake nunawa ba. Ya danna na biyu, haka. Na uku ya danna shi ya fi sau goma.

Malama ta matso ta duba, ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Ta ce waɗannan ba fayilolin ba ne, alamomi ne kawai da ake ajiyewa a allo don su kai mutum inda fayil yake, shi ya sa suka kwafu nan take, ba komai a cikinsu.

"Allon da ke nuna hanyar gida ka ajiye, Injiniya," ta ce. "Gidan kuma ka rushe shi da safen nan."

Auta ya ce to ai hanyar ma abu ce mai muhimmanci. Malama ta zauna ta gwada duk dabarar da ta sani ta tono abin da aka goge, amma sabuwar manhajar ta riga ta zauna a kai. Abin da ta samo shi ne hotunan wuyan riga guda shida da rabin wata waƙa da Auta ya taɓa saukewa.

Maigida kuwa ko a jikinsa. Ya ajiye ledar maɓallai, ya ce ba komai, littafinsa yana nan. Ya jawo durowa. Ya jawo ta biyu. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Wane littafi, Tela?" in ji Inna. "Mai jan bangon nan? Allah ya yi wa Injiniya albarka, takardarsa ta fi duk sauran kauri, ba ta tsotse mai. Tun Juma'a da ita nake ƙulli."

Maigida ya miƙa hannu ya ɗauki ƙulli ɗaya a farantin, ya zazzage gyaɗar a tafin Auta, ya warware takardar. Mota mai lamba huɗu, kafaɗa sha takwas, da rubutun hannunsa.

Muka saye farantin gaba ɗaya, muka sami shafi tara. Sauran sun bi gari. Auta, wanda ya kashe zamanin takarda ranar Alhamis, ya wuni ranar Talata yana bin ta a kwata da sanda. Ya samo huɗu a kwandon sharar mai aski, an goge almakashi da su. Ya samo ɗaya an naɗe an tokare ƙafar teburin mai shayi, sai da aka sauke kofuna aka ɗaga teburin. Wata maƙwabciya ta ciro biyu daga bakin murhu, gefensu ya fara ƙonewa. Duk wanda ya gan shi sai ya tambaya ko an sabunta, shi kuma yana cewa wannan mataki ne na dawo da bayanai, ba kowa zai gane ba. Ni aikina in goge kowane shafi da dutsen guga in jera. Kwana biyu shagon yana ƙamshin gyaɗa.

Zuwa Laraba da yamma mun haɗa ashirin da uku. Shafin mota mai lamba goma sha bakwai ne ya ƙi fitowa, kuma akuyar mai shayi aka fi zargi.

Maigida ya ce zai kira kamfanin a faɗa masa ko wane ne, a sake awo. Shi bai iya tuna fuskar kowa da lamba ba, mutum ashirin da huɗu a cikin hayaniyar tasha. Auta ya yi tsalle ya ce wannan tonon asiri ne, kamfani ya ji tela ya zubar da awo ai an gama. Kuma ba a ma buƙata, shi da ya shigar da lambobin nan da yatsansa, duk suna kansa, ƙwaƙwalwarsa ita ce ajiya ta gaskiya. Ya rufe ido, ya ɗora yatsa a goshi, ya zubo awo tun daga wuya har idon sawu, ba gargada ko ɗaya.

Yadda ya faɗe su tiryan-tiryan ne ya ruɗe ni. Na ce mutum ba zai ƙirƙiri lamba haka ba. Maigida ya dube ni, kallon da har yau in na tuna nake jin nauyi, sannan ya ɗauki alli ya rubuta.

Muka yi kwana tara muna aiki ba ɗaga kai. Ranar Asabar direbobi suka cika ƙofar shago, layin ma ya fito kallo. Ana kiran lamba mutum ya shiga bayan labule ya fito, kaya sun zauna ɗas. Auta yana tsaye a bakin ƙofa da filash a wuya, yana karɓar yabo a madadinmu.

Da aka kira goma sha bakwai sai hasken ƙofa ya ɗauke. Shugaban direbobin ne da kansa, mutumin da sai ya karkace yake shiga shagon, kuma shi ne zai koma ya faɗa wa kamfani yadda aiki ya kasance. Ya shiga bayan labule. Muka ji nishi, muka ji labulen yana rawa. Ya fito da nasa wandon a jiki, sabon a hannu, ya ce a gwiwa ya tsaya. Rigar kuwa hannu ɗaya ne ya shiga zuwa gwiwar hannu ya maƙale, sai da direbobi biyu suka ja.

Dariya ta ɓarke har bakin titi. Ni ban yi ba, domin ina kallon aikin shekara-shekara yana fita ta ƙofa, kuma da bakina na tura shi.

Auta ya ce awo daidai yake, mai yiwuwa Shugaba ya ɗan ƙara jiki a 'yan kwanakin nan.

"Ɗan'uwa," in ji Shugaba, "shekara goma rabon da in hango yatsun ƙafata a tsaye."

Maigida ya karɓi kayan ya ɗaga su sama. Ya dubi faɗin kafaɗar, ya dubi tsawon wandon, sannan ya juya ya auna Auta da ido daga sama har ƙasa. Ya miƙa masa ya nuna labule. Auta ya fara cewa shi ba direba ba ne, direbobi suka tura shi ciki. Da ya fito kayan sun zauna masa kamar a jikinsa aka yanka, har tsawon hannu. Awon da ya zubo mana ba gargada nasa ne, wanda yake ji duk lokacin da Maigida zai yi masa ɗinki kyauta. Lambobin da ke kansa ke nan kaf.

A nan Maigida ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya faɗa wa Shugaba komai a gaban jama'a, tun daga jar alama har akuya, bai ɗora wa kowa ba, ya ce shi ya bari. Shugaba ya saurara yana share hawayen dariya. Ya ce ashirin da uku sun yi kyau, kuma telan da zai iya tsamo awo daga ƙullin gyaɗa ba na yarwa ba ne. Ya ba shi zuwa Litinin, ya nemo yadi iri ɗaya ya ɗinka nasa. Ya buɗe hannuwa aka sake auna shi a wurin, ya tsaya sai da ya ga an rubuta da biro a takarda, Malama kuma ta ɗauki hoton shafin da wayarta.

Ranar Litinin kaya suka yi wa Shugaba daidai, aikin shekara ya tabbata namu. Yanzu Malama ce ke duba kwamfutar, ajiya biyu take yi kuma sai ta buɗe ta gani, sabon littafin awo kuwa da igiya Maigida ya ɗaure shi a ƙafar tebur.

Amma a ranar Asabar ɗin, bayan direbobi sun watse, Auta ya nufi labule zai tuɓe. Maigida yana naɗe tef ɗin awo, bai ko ɗago ba.

"Bar su a jikinka," ya ce. "Duk abin da ka ajiye mana, wannan kaɗai ya dawo daidai."

Kayan suna da kyau, Auta kuma ba ya ƙin na banza, don haka yana sa su. Sunan kamfanin yana ɗinke a aljihun gaba. Alkawarin da ya yi da bakinsa layin ya cika masa, ba mai ce masa Injiniya yanzu. In ya wuce, mai aski yakan leƙo ya tambayi Direba ƙarfe nawa mota mai lamba goma sha bakwai za ta tashi.